Daga gidan Waziri zuwa sakatariyar Tambuwal da Kebbe: wa ke da ikon ganin takardun gwamnati?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Tun ranar 11 ga Yuli 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, musu bai ƙare ba, a nan Facebook da wajen masu shayi. Wani ya ce kuɗi sun shigo ciyaman ya danne, wani ya ce ƙarya ne, suna can Sakkwato ba a saki ba. Mu mutanen Tambuwal da Kebbe ba a bar mu a baya ba. Amma ku lura da kyau, duk musun nan a kan "an ce" yake tafiya. Da wuya ka ga wanda ya ɗora takarda ya ce ga ta. Alhali akwai wani hukuncin na Kotun Ƙoli da bai yi tashe ba, na ranar 11 ga Afrilu 2025, wanda a ganina ya fi na farkon amfani ga talaka. Kafin in zo kansa, bari mu koma baya, don wannan ɗabi'a ta ɓoye takarda tana da tarihi.

Ƙasarmu ba baƙuwar takarda ba ce. Tambuwal na cikin garuruwan da suka kasance a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu da zuri'arsa, kuma daular da take ciki daula ce ta alƙalami. Tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ofishin Waziri ne ke riƙe da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan Kano, Zazzau, Bauchi, Katagum da sauransu: naɗin sarauta, rikicin iyaka, ƙarar da aka ɗaukaka, kayan da aka aiko. Ana rubutawa, ana buga hatimi, ana adanawa. Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u kuma ba su tsaya ga Larabci ba, sun yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa don mace a cikin gida da makiyayi a daji su san abin da ke kansu da abin da ke kan shugaba.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Karantar da jama'a daban, buɗe musu akwatin wasiƙu daban. Wasiƙun nan da Larabci suke, a gidan Waziri suke, manomin Kuchi ko na Sanyinna ba ya zuwa ya ce a nuna masa lissafin zakkar garinsu. Abin da yake da shi shi ne hanyar kai kuka ga alƙali ko ga sarki, da kuma malamai masu iya faɗa wa mai mulki gaskiya.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Cikin abubuwan da suka yi awon gaba da su akwai wasiƙun Larabci da suka tarar a gidan Waziri Buhari. Wani jami'insu mai suna Backwell ya fitar da fassararsu da Turanci, aka buga a Legas a 1927. Ku duba wannan abu: karo na farko da aka buɗe wasiƙun daular ga duk mai son karantawa, ba jikokin masu wasiƙun aka buɗe wa ba, baƙo ne ya buɗe wa 'yan'uwansa da harshensu. Shi kuwa Waziri Buhari, bayan ya dawo ya zauna da Turawa maimakon ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, ya zauna ya rubuta wa malamai risala yana bayanin dalilinsa. Ko ka yarda da hujjarsa ko ba ka yarda ba, ya ga cewa akwai waɗanda suke bin sa bashin bayani. Yau nawa ne cikin masu muƙami ke jin haka?

Zamanin En'e ne abin ya juye sosai. Bature ya fi kowa son lissafi. Di'o zai hau doki ya zaga gunduma, ƙauye bayan ƙauye, ya ƙirga magidanta, ya ƙirga shanu da tumaki, gonaki, rijiyoyi, masaƙa da marina da maƙera, ya rubuta rahoto, a kansa a yanka haraji da jangali. Aka kafa baitulmali, aka sa ma'aji da malaman haraji, hakimi da dagaci suna tarawa, ana raba kuɗin tsakanin En'e da gwamnati. Gwamnati ta san yawan awakin kakanka. Shi kuma kakanka abin da ya sani daga gwamnati guntuwar takarda ce, rasit ɗin haraji, wadda yake naɗewa ya cusa cikin hula ko laya don kada dogari ko ɗan doka ya tare shi a hanyar kasuwa. Nawa aka tara a gundumar, nawa aka kashe, a kan me? Wannan yana cikin kasafin En'e da Turanci, a ofishin Razdan. Bayani yana hawa sama, ba ya saukowa. Tambaya kuwa rashin kunya ce, mai yin ta kuma sunansa ɗan tsagera. Waɗanda suka shiga NEPU bayan kafa ta a Kano a watan Agusta 1950 sun ɗanɗana kuɗarsu a kan irin waɗannan tambayoyi. A cikin watan nan ne ma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan NEPU ba ne, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

Af, ga ɗalibanmu na tarihi: rahotannin nan na lardin Sakkwato suna nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma in za ku nema ku tuna Turawa "Tambawel" suke rubutawa. Na gida kuma, mu gode wa Waziri Junaidu, Allah Ya jiƙansa, da ya adana takardun gidansu ya kuma buɗe wa masu bincike. Da su Murray Last ya rubuta littafinsa kan daular wanda ya fito a 1967. Abin dariya abin takaici, yau ya fi sauƙi ka ga takardar harajin shekara ɗari da suka wuce da ka ga takardar kwangilar bara.

Da aka samu 'yanci, sai muka gaji makullin muka ƙara masa kwaɗo. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ma'aikaci kuma yana rantsuwar ba zai fitar da komai ba. Shi ya sa har fayil ɗin sayen tsintsiya sai ka ga an buga masa hatimin sirri. Soja suka zo suka ƙara nasu: a 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin doka ta 4, saboda labarin naɗin jakadu.

A ƙarƙashin sojan ne kuma, a 1993, ƙungiyar Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa suka fara tsara daftarin dokar 'yancin samun bayanai. Ya shiga majalisa a 1999. Ya sha jeka-ka-dawo. Majalisa ta amince da shi gab da ƙarshen mulkin Obasanjo, shi kuma ya ƙi sa hannu har ya sauka a 2007. Aka koma farko. Sai ranar 28 ga Mayu 2011 Goodluck Jonathan ya sa hannu. Shekara 18 ke nan daga daftari zuwa doka. Wanzami dai ba ya son jarfa.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Daga 2003 zuwa 2015 Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai, wato yana cikin zauren a mafi yawan shekarun da ake wannan ja-in-ja. Kwana 9 bayan sa hannu, ranar 6 ga Yuni 2011, ya zama Kakakin Majalisa. Shekaru huɗun farko na rayuwar dokar, ɗan mazaɓarmu ne ke riƙe da gudumar majalisar da ta haife ta. Daga 2015 zuwa 2023 ya yi gwamna. A lokacin ne aka kawo shirin Bankin Duniya na SFTAS da ke bai wa jihohi tukuicin kuɗi idan sun wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗi a intanet, kuma a rabon da aka sanar a farkon 2021 Sakkwato ce ta fi kowace jiha samu. Wannan gaskiya ne, a faɗe shi. Amma wa aka buɗe wa? Kasafi mai ɗaruruwan shafuka da Turanci a shafin intanet, jami'in banki a Abuja zai karanta, ya sa maki. Mai sayar da albasa a Dogon Daji fa? Backwell ne ya sake dawowa da sabuwar riga.

Da aka sauya gwamnati a 2023, Gwamna Ahmed Aliyu ya kafa kwamitin shari'a don binciken yadda aka sayar da kadarorin jiha a gwamnatin baya. Ni ba alƙali ba ne, ba zan ce wane ya ci ko bai ci ba, kuma masu shirin zagi a ƙasan rubutun nan, na PDP da na APC, ku huta. Abin da nake cewa shi ne, da a ce tun ranar da aka yi gwanjo an liƙa sunan mai saye da farashi inda kowa zai gani, da ba a buƙatar kwamiti. Kuma wannan ma'aunin yana kan gwamnati mai ci kamar yadda yake kan wadda ta wuce.

Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa dokar 2011 ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisar jiha ta yi tata. Wasu 'yan rajin kare haƙƙi a jihar Edo suka nemi bayanan kuɗin hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar, aka hana su, suka je kotu a 2014. Kotun ɗaukaka ƙara ta Benin ta ba jiha gaskiya a 2018. Ba su gaji ba. Ranar 11 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta rushe wancan hukunci, ta ce dokar ta shafi kowane mataki na gwamnati. Wato ma'aikatun Sakkwato da ƙananan hukumominta 23, har da Tambuwal da Kebbe, wannan mafakar ta rushe musu.

To me dokar ta ce? Kowa na iya rubuta wa hukuma ya nemi bayani, kuma ba dole ne ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In za ta hana, sai ta rubuta dalili da sashen dokar da ta dogara da shi. In ta yi shiru, doka ta ɗauka ta hana, kana da kwana 30 ka je kotu, kuma a can hukumar ce za ta kawo hujja, ba kai ba. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 500,000 ce, wanda ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara guda. Kuɗin da za a karɓa a hannunka na kwafi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Akwai abubuwan da aka keɓe, irin sirrin tsaro, binciken da ake kan yi da bayanan rayuwar mutum. Kwangilar aji biyu ko rijiyar burtsatse ba ta cikinsu.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, wannan Nijeriya ce, takarda ba ta hana ci. Haka ne, kuma hukumomin tarayya da yawa har gobe suna watsi da wasiƙun mutane. Amma ku ji wannan. A Yuganda an bincika an gano tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin ɗari kawai na kuɗin gudanarwa da ake tura wa makarantun firamare ke isa makaranta. Gwamnati ta fara buga adadin a jaridu, aka ce kowace makaranta ta liƙa nata a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A Indiya, dokarsu ta 2005 daga ƙauyukan Rajastan ta taso, inda leburori suka dage sai an karanta rajistar biyan kuɗin aiki a bainar jama'a, sai ga sunayen matattu suna karɓar lada. Kusa da mu ma, a Bagega ta Zamfara, bayan gubar dalma ta kashe yara, matasan Follow The Money ne suka bi sawun kuɗin da aka yi alkawari har aka sake su a farkon 2013.

Mu kuma rabin aikin an riga an yi mana. Tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, aka fara wallafa kason wata-wata na jihohi da ƙananan hukumomi, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da shi. Abin da aka rubuta da sunan Tambuwal da na Kebbe kowane wata yana nan, mai waya zai iya dubawa. Abin da ba mu gani shi ne ɗaya rabin: nawa ya iso asusun ƙaramar hukuma daga ciki, nawa ya tafi albashi, mutum nawa ne a kan takardar albashin, waɗanne ayyuka aka bayar, wa aka ba, a kan nawa.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, don mun san halin garuruwanmu, ciyaman ɗin ko kawunka ne ko surukin yayanka, kafin la'asar an kai ƙararka wajen Baba. Ƙungiyar ɗalibai, ko ta ci gaban gari, ko ta 'yan kasuwa, ita ta fi dacewa ta sa hannu. Wasiƙa shafi ɗaya ta isa, da ladabi, ba zargi, a ambaci dokar 2011, a nemi abu takamaimai na watanni takamaimai, misali kuɗin da suka shigo daga Janairu zuwa Yuni da jerin kwangilolin da aka bayar a cikinsu. A yi kwafi biyu, a kai ɗaya ofishin sakataren ƙaramar hukuma, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. Daga wannan kwanan watan ake fara ƙirga kwana bakwai.