Rijiyar Sumayya

A farkon shekarun 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a Kano. Mu nan Tunuga ta kasuwar Kamba ya iso mana. Innata har yau tana da nata, bango duk ya ɓalle. A 1994 aka maida shi fim, yanzu kuma a waya ake sauraren karatunsa.

To, nan rigimar take. Inna ta ce fim ya ɓata mata Sumayya, wai ba haka kamanninta suke ba. Ƙanwata kuwa da ta saurara cewa ta yi, "Faɗawa rijiya don auren dole? Ni kam Dosso zan gudu."

Inna ta yi shiru. Ita ma lokacin aurenta ba wanda ya tambaye ta.