Malamin ƙwallon kwando na Zariya

Ɗan'uwa mai karatu, ƙwallon kwando wasa ne na hannu. Ana jefa ƙwallo cikin ragar da aka rataye a sama.

A Zariya ta Najeriya, wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya daɗe yana koya wa samari wasan nan. Cikin yaransa akwai Masai Ujiri, wanda ya fara yana ɗan shekara 13.

Da Masai ya girma, sai ya shugabanci ƙungiyar Toronto ta Kanada. A 2019 suka ci babban kofin Amurka. Tun 2003 kuwa ya fara tara yaran Afirka yana koya musu, kamar yadda aka koya masa.

Ka ga abin da malami guda ya shuka. In malam ya kira ɗanka filin wasa, kada ka hana shi.