Asalin Husumar Masu Mulki da Rediyon 'Yan Mazan Jiya a Amurka

In matafiyi ya kama hanya a ƙasar Amurka da tsakar rana, ya murɗa rediyon motarsa zuwa zangon AM, da wuya ya yi nisa bai ci karo da muryar wani mutum ba, zaune shi kaɗai a gaban makirufo, yana yi wa gwamnati wankin babban bargo, direbobin manyan motoci da manoma da masu kantuna suna bugo masa waya suna gaskata shi. Galibin masu wannan sana'a masu ra'ayin 'yan mazan jiya ne, kuma duk sa'ad da jam'iyyar Demokrat ta hau gadon mulki sai wutar gaba ta ruru a tsakaninsu. Wannan husuma tana da asali, asalinta kuwa mas'ala ce guda, wato shin wa ya mallaki iskar da ke ɗaukar murya zuwa gidajen mutane.

Da rediyo ya yaɗu a Amurka bayan shekarar 1920, tashoshi suka yi yawa har muryoyinsu suna hawa kan juna, sai majalisar ƙasa ta yi doka a 1927, ta kuma yi wata a 1934 wadda ta kafa hukumar sadarwa da ake kira FCC. Hujjar da aka gina dokar a kanta ita ce, tun da zangunan iska ƙididdigaggu ne, ba za su ishi kowa ba, to, dukiyar jama'a ce tamkar rijiyar gari, wanda aka ba lasisi kuwa amana aka danƙa masa.

Ba a daɗe ba aka ga ƙarfin abin. Shugaba Franklin Roosevelt ya fara zantawa da talakawansa ta rediyo a watan Maris na 1933, cikin taushin murya kamar mai gida yana hira da iyalinsa. A zamanin nan kuma akwai wani limamin Katolika a kusa da birnin Detroit, Charles Coughlin, wanda miliyoyin mutane ke sauraro kowace Lahadi. Da fari ya goyi bayan Roosevelt, daga bisani ya juya masa baya da zafin harshe, ya kuma shiga ɓatanci ga Yahudawa, har tashoshi suka yi ta janye jiki daga gare shi, cocinsa ta umarce shi da ya yi shiru a 1942. Daga nan masu mulki suka fahimci cewa mutum ɗaya mai fasaha, in ya sami makirufo, yana iya yin gogayya da fadar shugaban ƙasa.

A 1949 hukumar FCC ta shimfiɗa abin da aka sani da ƙa'idar adalci, wadda ta wajabta wa kowace tasha abu biyu: ta riƙa tattauna al'amuran da jama'a suka yi saɓani a kansu, ta kuma ba mabambantan ra'ayoyi damar a ji su. Manufar kyakkyawa ce, amma sanda in tana hannun mai iko, da wuya ya rasa wanda zai doka da ita. A zamanin mulkin shugabanni Kennedy da Johnson, mutanen jam'iyyar Demokrat suka riƙa bibiyar shirye-shiryen masu wa'azin 'yan mazan jiya, suna aika wa ƙananan tashoshi takardun neman lokacin raddi kyauta, har masu tashoshin suka ga gara su bar waɗannan shirye-shirye su huta. A 1964 wani mai wa'azi, Billy James Hargis, ya soki marubuci Fred Cook ta wata tasha a garin Red Lion na jihar Pennsylvania. Cook ya nemi a ba shi filin mayar da martani, tasha ta ƙi, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a 1969 ta tabbatar da ƙa'idar. 'Yan mazan jiya ba su manta da wannan ba.

Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ya naɗa wa hukumar mutanen da ke ganin ƙa'idar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma tashoshi sun yawaita har hujjar ƙarancin iska ta yi rauni. A 1987 majalisa ta yi yunƙurin mayar da ƙa'idar doka, Reagan ya hau kujerar naƙi, a watan Agusta kuma hukumar ta soke ta. Wannan ya zo daidai da lokacin da kiɗa da waƙa suka ƙaura zuwa zangon FM, tashoshin AM suka rasa abin da za su riƙe masu sauraro da shi, tauraron ɗan'adam kuma ya sauƙaƙa aika shiri ɗaya zuwa ɗaruruwan garuruwa.

Wanda ya fara cin gajiyar wannan dama shi ne Rush Limbaugh, mutumin jihar Missouri, wanda shirinsa ya fara zaga ƙasa daga birnin New York ranar 1 ga Agusta, 1988, ya bunƙasa har ya kai tashoshi kusan 600, awa uku kowace ranar aiki. Da Bill Clinton ya hau mulki a 1993, Limbaugh ya tasa shi gaba, har a watan Yuni na 1994 shugaban ya bugo waya daga cikin jirginsa zuwa tashar KMOX ta birnin St. Louis, yana kukan cewa da ya ajiye waya Limbaugh zai yi awa uku yana faɗar abin da ya ga dama, babu mai tantance gaskiyarsa. A watan Nuwamba jam'iyyar Rifablikan ta karɓe majalisar wakilai, karo na farko cikin shekara 40, sababbin wakilanta kuma suka ba Limbaugh matsayin ɗan ayarinsu na girmamawa. Irin wannan husuma aka sake yi a 2009, sa'ad da Limbaugh ya ce yana fatan shugaba Barack Obama ya gaza, fadar shugaban kuwa ta riƙa nuna shi a matsayin ainihin jagoran 'yan adawa. Masu sassaucin ra'ayi sun gwada nasu gidan rediyon, Air America, a 2004, amma ya rufe a 2010. Limbaugh ya rasu a 2021, almajiransa sun gaji filin.

To, mai karatu, kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya da na laifi. Masu mulki sun mayar da ƙa'idar adalci makami, shi ya sa ta zube a idon mutane da yawa. Da aka ɗauke ta kuma, miliyoyi suka saba da jin bakin mutum ɗaya kullum ba tare da raddi ba. Alƙali mai tsoron Allah ba ya yanke hukunci sai ya ji mai ƙara da wanda ake ƙara. Tun da doka ta daina tilasta wannan a kan tashoshi, nauyin ya koma wuyan mai sauraro, kuma wajibi ne a kansa ya nemi jin ɗaya ɓangaren kafin ya yanke wa kowa hukunci.