Me Ya Sa Dokinmu Bai Ja Keken Yaƙi Ba?

A Turai, kafin zuwan mota, dawaki ke jan kekunan kayan soja. Har a yaƙin 1914 Ingila ta dogara da su ƙwarai. A ƙasar Hausa kuwa, doki na barde ne, ba na dako ba. Guzurin rundunonin Katsina takarkarai da jakuna ke ɗaukarsa. Ko da Kanar Morland ya tasam ma Kano daga Zariya a 1903, 'yan alaro ne suka yi dakon igwoginsa. Daga baya Gwamna Lugga ya sa an gyara hanyar keke daga Zungeru zuwa Zariya, amma shanu aka ɗaura, ƙudan tsando kuwa ya yi ta kashe su. Ni dai ban taɓa ganin manomin Funtuwa ko Malumfashi ya ɗaura wa ingarma amalanke ba, sai bijimai.