Ƙasar jigawa a kwarin Haɗeja

Jigawa ƙasa ce mai rairayi, mara danƙo, wadda ta mamaye tudun da ke kewaye da fadamar kogin Haɗeja a Jihar Jigawa. Asalinta tsofaffin tarin yashi ne da iska ta jibge a zamanin da yankin ya fi na yanzu bushewa. Tsakuwa ba ta da yawa a nan. An fi samunta wajen Dutse da Kazaure.

Ƙasar tana da sauƙin huɗa, amma ba ta riƙe ruwa ko taki. Ana ɗauke ruwan sama, sai ka ga samanta ya bushe kafin yamma. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, iska kan kwashe ta idan gona ba kara.

Gero, wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo da kankana suna yi sosai a cikinta. Shinkafa da alkama kuwa sai laka ta fadama. Manoma kan raya ta da takin gida, da saukar da shanun Fulani bayan girbi, da barin gawo, wanda ganyensa ke zuba da damina ya ƙara mata ƙarfi. Kiyaye itatuwan nan wajibi ne, domin su ne garkuwarta daga zaizaya.