Dutsen Wata da Abin da Magabata Suka Gani a Cikinsa

Daga cikin jauharan da Allah Maɗaukakin Sarki ya taskace a ƙarƙashin ƙasa, akwai wani wanda bai kai yaƙutu daraja a kasuwa ba, balle zumurrudu, amma duk wanda ya taɓa ɗora shi a tafin hannu ya ɗan karkata shi, ya ga wani haske mai shuɗi-shuɗi yana shawagi a cikinsa kamar farin wata a bayan siririn gajimare, ba zai yi mamakin Larabawa da suka raɗa masa suna hajarul ƙamari ba.

Mutanen Indiya sun fi kowa shaƙuwa da shi. Da harshen Sanskirit suna kiransa candrakanta, watau abin ƙaunar wata, suka riya cewa hasken watan ne kansa ya daskare, har mawaƙansu suka riƙa siffanta shi da cewa yana tsatso da raɓa idan wata ya haska shi. Malamin Rum Filiniyus, wanda ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya ambaci wani dutse mai ɗauke da surar wata, tana ƙaruwa tana raguwa tare da shi. Waɗannan hikayoyi ne, babu hujja a kansu, amma ni ban iya raina idon da ya haife su ba.

Mafi kyawunsa daga tsibirin Sarandib yake fitowa, Siri Lanka ta yau, inda a ƙauyen Meetiyagoda mahaƙa ke sauka cikin ramuka masu ƙunci kamar rijiya, su fito da laka, a wanke ta a kwando, a tsince. Haƙiƙar sirrinsa kuwa, ma'adinai biyu ne 'yan gida ɗaya suka cakuɗu lokacin da dutse ke narke, da ya huce sai suka rabu falle-falle, sirara ƙwarai, haske ya shiga tsakaninsu ya warwatsu. Gwargwadon sirantar fallayen, gwargwadon shuɗin. Shi ya sa gwanin sassaƙa ke goge shi kamar kifaffiyar ƙwarya domin hasken ya taso sama, kuma yakan gargaɗi mai zobe da cewa ko yashi yana iya ƙarzarsa.

A 1970 jihar Fulorida ta Amurka, wadda daga cikinta 'yan sama jannati suka tashi zuwa wata a 1969, ta ɗauke shi jauharinta na hukuma, alhali kuwa ba a haƙo shi a ƙasarta.