Makarɓin somatostatin

(suna, namiji, jam'i: makarɓan somatostatin) Furotin ne a fatar ƙwayar halitta, inda sinadarin somatostatin kan maƙale ya rage fitar wasu sinadaran jiki, kamar na girma da insulin. Iri 5 ne, SSTR1 zuwa SSTR5. Don gano su, masu bincike kan zuba wa siririn yankin tsoka antibodi mai kama iri ɗaya tak, su sa rini, su duba a madubin likita. Wani fitaccen antibodi, UMB-1, daga zomo, SSTR2 yake kamawa. Gwajin SSTR2 yana da amfani ƙwarai wajen duba ciwon ƙari, domin ƙarin da ya rinu sosai yakan fi jin maganin octreotide. Antibodin da ba a tantance ba kuwa yakan rina inda babu makarɓi, ya ɓatar da mai bincike.